Ranar da Wayar Malam Tukur Ta Yi Shiru

Malam Tukur malamin gona ne a Ikara kafin hawan jinin ido ya cinye masa gani. Ciwon bai zo masa da hayaniya ba. Gefe-gefen ido ne ya fara dushewa, sannan tsakiya, har ranar da ya tsaya a bakin wani lambu a Saulawa ya kasa bambance ganyen tumatur da ciyawa. Ya ajiye aiki, ya shige gida, ya daɗe ko ƙofar zaure bai leƙa ba.

Waya ce ta fito da shi. Wani mai gyaran waya a kasuwar Makarfi, Ja'afaru, shi ya kunna masa wata murya da ke cikinta, muryar mace mai Turanci da sauri kamar ana korar ta. In ya ɗora yatsa a fuskar wayar sai ta faɗi abin da ke ƙarƙashin yatsan, in ya buga sau biyu sai abin ya buɗe. Sunayen mutane kuwa duk ta ɓata su, amma ya saba da yadda take ɓata su. A hankali yatsansa ya haddace wayar kamar yadda ƙafarsa ta haddace tsakar gidansa. Kira na nan ƙasa ta hagu. Saƙon murya na sama da shi kaɗan. Ba ya ma jiran ta gama magana.

Da wannan ya zama dillalin tumatur. Manoman rani na Janfalan da Saulawa duk ya san su tun yana zagaya lambunansu da babur, ya san wanda kayansa ke nuna da wuri da wanda ke yaudara da ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Sai ya haɗa su da direbobi da masu saye a Kudu, yana zaune a kan tabarmarsa. Doka ɗaya ya kafa a gidan, ba mai taɓa masa waya. Har matarsa Mukarrama. In aka matsar da abu ɗaya ko da faɗin farce ne, ya ɓace masa ke nan, sai ya yi ta lalube.

Ana farkon tsinkar tumatur muryar ta fara kawo masa wani sabon zance. Wai akwai babbar sabuntawa ga manhajar da ke tafiyar da wayar gaba ɗaya, ko a saka yanzu? Ya lalubi inda aka ce sai an jima, ya buga sau biyu. Washegari ta sake tambaya. Ya sake ɗagawa. Abin ya zama kamar gaisuwar safe tsakaninsu.

Da ma yana da dalilin tsoro. Yana da aboki a Kudan, Bobbo, wanda suka haɗu a layin asibitin ido, shi ma idon ya tafi, shi ma da irin wannan murya yake sayar da mazarƙwaila. Wata rana Bobbo ya kira shi da baƙuwar lamba.

"Tukur, in ta ce maka za ta sabunta, kada ka yarda."

"Me ya faru? Wayar wa ka kira ni da ita?"

"Ta maƙwabci. Tawa ta mutu. Na ce mata to, ta fara, tana tsakiyar aiki caji ya ƙare. Shi ke nan. An kai ta gyara, aka wanke ta tas. Lambobin mutanena duk sun tafi. Yanzu in zan kira mutum sai na fita ƙofar gida na jira mai wucewa."

Tukur ya yi masa jaje, ya kashe waya, ya daɗe zaune. Ba asarar lambobin ce ta fi tsaya masa a rai ba. Wannan zama a ƙofar gida ana jiran mai wucewa, ya san shi, ya yi shi, kuma ya rantse a ransa ba zai koma ba.

Ya ci gaba da ɗagawa har tumatur ya kai ganiyarsa. Sai wata safiya zancen muryar ya canza. Ya sa ta maimaita, ya kara wayar a kunne sosai. Ta ce ɗagawar ta ƙare. Ya zaɓi lokaci a cikin makon nan, in bai zaɓa ba wayar za ta zaɓa da kanta. Ya shafa ko'ina yana neman wurin nan na sai an jima, babu shi.

Mukarrama ta kawo koko ta tarar da shi gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Wannan ba fuskar lafiya lau ba ce."

Ya gaya mata a gajarce. Ta ajiye kofin kusa da gwiwarsa, ta kama hannunsa ta taɓa masa shi kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "To a je wurin wanda ya kunna maka ita mana. Gobe Laraba, kasuwar Makarfi."

"In je in ce masa me?"

"Abin da ka ce mini. Kuma tare za mu."

Ya buɗe baki zai ce ba sai ta je ba, ta riga ta koma madafi.

Rumfar Ja'afaru na bayan layin masu rake, inda ƙarar janareto da waƙoƙi daga lasifikoki daban-daban suka cakuɗe. Bayan doguwar gaisuwa Tukur ya miƙa wayar, amma bai sake ta nan take ba, sai da Ja'afaru ya ce, "Malam, a hannuna take, ba abin da zan matsar sai na gaya maka."

Ja'afaru ya duba ya ce ba makawa, sai an yi. Amma abin da ya sami Bobbo ba dole ya sami kowa ba, in an shirya. Da farko wayar ta cika maƙil da tsofaffin saƙonnin murya, sai an rage. Suka zauna suna saurara ɗaya bayan ɗaya, Tukur na cewa goge wannan, bar wancan, har Ja'afaru ya gaji ya kwashe su duka ya zuba a katin memori, lambobin mutane ma ya yi musu ajiya daban. Ya gwada batir ya tsuke baki.

"Batirin nan ya tsufa, Malam. Yana nuna rabi, kafin ka ce me ya faɗi ƙasa. Ranar da za a yi, a jona ta da fawa banki, batirin nan na ajiyar caji, tun kafin ta fara, kada a cire sai ta gama."

"A yi ta yanzu a nan mana, a gabanka," in ji Mukarrama.

"A'a!" Tukur ya ce da ƙarfin da ya sa na kusa suka waiwayo. Ya sassauta murya. "Gobe da safe mota za ta ɗauki kayan Baba Hamisu a Janfalan. In ta canza mini wuraren abubuwa yau, da me zan yi aiki gobe? A bari motar ta tashi."

Suka tsayar da bayan la'asar ranar Alhamis. Mota za ta yi lodi da hantsi, kafin azahar ta kama hanya, shi kuma ya dawo gida ya huta, a jona waya a zauna a jira ta. Ja'afaru ya saita lokacin a cikin wayar, muryar ta karanta wa Tukur ya ji da kunnensa.

"Saura abu ɗaya," in ji Ja'afaru. "In ta gama ta tashi, mai yiwuwa muryar ba za ta dawo da kanta ba. Za ta nemi lambar sirri, sannan ta yi wasu tambayoyi a rubuce. Sai mai ido. Ni kuma gobe ina Kano sarin kaya."



"Nuna mini," in ji Mukarrama.

"Ke da ba ki karanta Turanci?" Tukur ya ce.

"Ba karantawa zan yi ba. Zane ne, zan gane shi. Zanen hula nawa nake kwaikwaya da ido?"

Ja'afaru ya ɗauko wata waya irin ta Tukur da aka riga aka sabunta, ya yi ta nuna mata. Ki danne maɓallan ƙara da rage murya tare, ki riƙe. Wani akwati zai fito da kalma biyu a ƙasa, ki taɓa ta dama, gajeriyar. In wannan hoton mai kama da ɗan mutum ya buɗe hannuwa ya fito, kin yi daidai. Ta yi, ta kuskure, ta sake, har ta yi sau da dama ba kuskure. Ya kuma zuba mata lambobin direbobi da manyan masu saye a 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai.

A hanyar komawa, a cikin mota, ta matso kusa da kunnensa ta ce, "Saura lambar sirrin."

Ya yi kamar bai ji ba. Ba wani abin ɓoyo ne a wayar ba. Kawai dai ita kaɗai ce abin da ya rage a duniya wanda yake buɗewa da kansa ya rufe da kansa. Mukarrama ba ta sake tambaya ba.

Ranar Alhamis da sassafe Huzaifa, ɗan acaɓan da ke kai shi ko'ina, magidanci mai yawan shiru, ya ɗauke shi zuwa Janfalan. Fawa bankin kuwa Tukur ya bar shi a gida yana caji, tunda a gida za a yi aikin.

Baba Hamisu dattijo ne da ya zuba duk ƙarfinsa na bana a lambu ɗaya. Tun jiya mutanensa ke tsinka. Da Tukur ya iso an riga an jera kwanduna a bakin hanyar da ta ratso fadama, an lulluɓe bakinsu da ciyawa. Ya bi su yana shafawa, yana ɗaga ɗaya-ɗaya yana matsawa a hankali. Kaya ne masu kyau, sun nuna daidai tafiya, amma irin nunar da ba ta son jira.

Hantsi ya yi, ba mota. Direban, Shamsuddeen, sabo ne a wannan hanya, wani mai saye ne a Ibadan ya turo shi. Tukur ya kira shi, ya ce yana Tashar Yari, taya ta fashe, ana faci. Aka jira. Ya sake kira, ya ce an gama faci amma mota ta ƙi tashi, an tafi nemo makaniki. Rana ta take. Babu inuwar kirki a wurin sai ta wata tsamiya, ita ma ba ta isa rabin kwandunan ba. Aka sare ganyen darbejiya aka ƙara lulluɓawa.

Tukur ya shiga kiran wasu direbobin. Wannan yana Kudan ya riga ya yi lodin dankali. Wancan yana Zariya ba zai iso ba sai gobe. Wani ya ɗauka ya ce zai duba, bai sake ɗauka ba. Tsakanin kira da kira mai sayen na Ibadan na turo saƙon murya yana faɗa. Wayar ta yi zafi a hannunsa. Aka yi azahar a gindin tsamiya. Iska ta fara kawo masa wani ɗan tsami-tsami daga kwandunan da ke rana, ya san hancin Baba Hamisu ma ya ji.

"Malam Tukur," dattijon ya ce a hankali, "in motar nan ba za ta zo ba, gaya mini gaskiya, in sa a fara yankawa a shanya. Ko kauɗa ce a samu."

"Za ta zo, Baba. A ƙara haƙuri."

Da motar ta tashi, Shamsuddeen ya kira da kansa ya ce ya wuce Makarfi. Tukur ya tura Huzaifa bakin kwalta ya tare shi. Amma direban, don sauri, ya tambayi wani a hanya aka nuna masa yanke, ya saki kwalta tun kafin inda Huzaifa ke tsaye, ya faɗa cikin hanyoyin gonaki masu rassa kamar jijiyar ganye. Aka kira la'asar daga masallacin ƙauye, Tukur na tsaye da waya a kunne.

"Me kake gani a gabanka?"

"Gonakin rake, da wata 'yar gada."

"Kada ka hau gadar nan! Ba za ta ɗauki motarka ba. Ka ja da baya zuwa inda hanya ta rabu, ka ɗauki ta..."

A ƙarƙashin muryar direban ya ji wata murya na magana, ta macen nan, tana faɗin wani abu da sauri. Ya yi tsaki ya ci gaba da kwatance. Sai da ta maimaita ya tsinci kalmar ƙarshe. La'asar. Alhamis. Shi da bakinsa ya zaɓa.

Ya janye wayar daga kunne yana shafa fuskarta da yatsa, yana neman inda zai ce a dakata. Ta yi ɗan kuka a tafin hannunsa, ta girgiza sau ɗaya, ta yi shiru.

"Shamsuddeen? Shamsuddeen!"

Ba kowa. Ya shafa ƙasa ta hagu, ya buga sau biyu. Ya shafa sama. Gilashi ne kawai, santsi, mai ɗumi.

"Baba," ya ce, "duba mini. Me ke kan wayar nan?"

Baba Hamisu ya karɓa ya nisanta ta da idonsa. "Baƙi ne. Sai wani ɗan zare a tsakiya, gefensa ɗaya ya yi fari."

"Farin ya kai ina?"

"Yanzu ya fara."

Tukur ya yi ƙoƙarin tuna abin da muryar ta ce game da caji a karo na ƙarshe. Ƙasa da rabi, kuma tun kafin kiraye-kirayen bayan azahar ne. Ya tuna yadda Ja'afaru ya tsuke baki. Ya tambaya ko akwai mai abin caji a wurin. Babu. Injin ban-ruwa ne kawai, shi kuma ba ya ba da wuta. Babur ɗin Huzaifa na da wurin caji, amma Huzaifa na can bakin kwalta yana jiran motar da ba za ta biyo ta nan ba.

Ga mota cikin gonaki ta doshi gadar da ba za ta ɗauke ta ba. Ga tumatur na tsami. Ga waya na shan sauran cajinta. Mutane sun kewaye shi, yana jin numfashinsu, kowa na jiran ya faɗi abin yi, shi kuwa ji yake kamar an mayar da shi ranar da ya fara zama a ɗaki ba ya ganin komai.

"Wa ke da waya?"

Wani ya danƙa masa ƙaramar waya mai maɓallai. Lambar Shamsuddeen ba ta kansa, sabon mutum ne. Ta Huzaifa ma, da yake kullum suna yake taɓawa, rabinta kawai ya tuna. Lamba ɗaya ce ya sani tun daga farko har ƙarshe. Ya lalubi ɗan tudun da ke kan maɓallin biyar, ya danna sauran daga nan.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Mukarrama, ni ne. Ta fara."

"Na sani. Tun da aka kira salla nake kiran ka ba ta shiga. Ina kan babur, na wuce gidan mai, fawa bankin na hannuna."

Ya ce, "Direban nan, Shamsuddeen, yana cikin lambobin da aka zuba miki?"

"Yana ciki."

"Kira shi yanzu. Ki ce kada ya hau gada. Ya koma inda hanya ta rabu ya tsaya cik. Sai ki kira Huzaifa ki ce ya same shi a mararrabar gonakin rake ta bayan Janfalan, ya san wurin."

"Kada ya hau gada, ya tsaya a mararraba. Huzaifa ya same shi. Na ji."

Daga nan sai jira. Tukur ya zauna a kan wani kwandon da aka kifa, ya riƙe wayarsa da hannu biyu a cikin inuwar jikinsa don kada rana ta ƙara mata zafi. Jim kaɗan sai ya ɗaga ta.

"Baba, farin ya kai ina?"

"Bai kai rabi ba."

Can kuma, "Yanzu fa?"

"Yana nan inda yake."

"Bai motsa ba?"

"Ni dai ban ga ya motsa ba."

Aka miƙo masa ruwa a buta, ya kurɓa ya mayar. Ko ta riga ta mutu ne zanen kawai ya rage? Ko haka ta Bobbo ta yi kafin ta ɗauke? Ƙaramar wayar da ke cinyarsa ta yi ƙara, ya zabura. Huzaifa ne, Mukarrama ta ba shi lambar. Ya ce ya ga motar, ƙafafunta na gaba har sun taɓa bakin gadar lokacin da kiran ya shiga, yanzu ana ja da baya a hankali don hanyar ta matse.

Ƙarar babur ta taso daga wajen ƙauye, ta matso, ta tsaya. Ya ji takunta, ya san shi a cikin dubu. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce wa dattijon, "Baba, ina wuni, a gafarce ni," ta durƙusa gaban mijinta. Ya ji yatsunta na neman ramin caji a ƙasan wayar, hannunsa na kanta bai saki ba. Igiyar ta shige.

"Ta kama?"

"Fitilar fawa bankin ta kawo. Wayar ma da haskenta."

"Zaren fa?"

"Ya ɗan wuce rabi. Malam, saki numfashi."

Suka zauna haka, wayar a tsakaninsu. Tana gaya masa duk motsin da zaren ya yi, in bai motsa ba ta ce bai motsa ba. Sau ɗaya fuskar wayar ta ɗauke ɗif, Mukarrama ta ce "Innalillahi," sai kuma ta ce ta dawo, wani zanen ne daban yake juyawa. Daga nesa aka fara jin gurnanin babbar mota tana tafe tana tangaɗi a kan kunyoyi. 'Yan lodi suka miƙe da hayaniya.

"Ta gama," in ji Mukarrama. "Ga lambobi sun fito a jere. Tana son lambar."

Ya shafa fuskar wayar ko muryar za ta yi magana. Shiru. Motar ta iso ta tsaya, mutane na ta kai da komo a gefensu, wani na kiran sunansa. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa mayafinta, ya faɗa mata lambar a kunne.

Ya ji ɗan sautin taɓawarta sau huɗu. Sai ta ja dogon numfashi.

"Akwai rubutu da yawa. Ba irin na wayar Ja'afaru ba ne, wannan shuɗi ne."

"Kada ki taɓa komai."

"Ban taɓa ba. Bari in danne maɓallan." Ta danne. "Akwatin ya fito. Amma kalmomin ba a gefe da gefe suke ba, ɗaya na kan ɗaya."

"Ja'afaru ya ce ta dama."

"Babu dama, Malam. Sama da ƙasa ne." Ta ƙara dubawa. "Gajeriyar ce a ƙasa. Zanenta ɗaya da wadda ya nuna mini, mai farawa da sanda da hula a kai."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata da zanen. Abin da zai biyo baya ban sani ba. In taɓa?"

"Taɓa."

Wata murya ta yi magana daga wayar. Ba ta da ba ce. Wannan ta fi kauri, ta fi jan magana, kamar wadda ta tashi daga barci. Amma magana ce, kuma da ya ɗora yatsa ta faɗi abin da ke ƙarƙashinsa. Ya kai yatsa ƙasa ta hagu inda kira yake, ta ce kyamara. Ya matsa gefe, ta faɗi wani abin da bai taɓa ji ba. Sai a na uku ya sami kira. Ya buɗe, ya ja yatsa ƙasa, sunaye suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan. Ya kifa wayar a ƙirjinsa.

Bai samu zama ba bayan haka. Shamsuddeen ya sauko yana ba da haƙuri, Tukur ya ce a bar maganar, a buɗe kwandunan da suka sha rana tukuna. Ya bi su da hannu da hanci. Na gindin tsamiya lafiya lau. Na layin waje kuwa saman ya yi laushi, wasu har sun fara tsiyaya, ba za su kai Ibadan ba. Ya sa aka ware su gefe. Ba kaɗan ba ne. Ya juya inda yake jin tarin Baba Hamisu.

"Baba, da na bar ka ka yanka tun azahar, da ba su kai haka ba. Ni na ce a jira."

"Da na yanka tun azahar, da duka zan yanka," in ji dattijon. "Waɗannan mata za su yanka su gobe da safe a shanya. A loda sauran."

Aka yi lodi da sauri, rana na yin ja. Tukur ya so ya tura wa mai sayen na Ibadan saƙon murya cewa kaya sun tashi, ya neme shi inda ya saba bai same shi ba, ya yi ta zagaye har ya buɗe wani abu da ya fara kiɗa. Mukarrama ta kashe masa. A ƙarshe kiran mutumin ya yi kai tsaye, ya gaya masa yawan abin da ya ragu da dalili, ya saurari faɗan har ya ƙare.

Motar ta tashi, Huzaifa a gabanta yana nuna mata hanyar kwalta. Da ƙararta ta yi nisa sai Tukur ya nemi wurin zama. Ya koma kan kwandon ya zauna. Mukarrama ta ce tun kokon safe bai sa komai a cikinsa ba, ta kwance ƙullin da ta zo da shi, dafaffen rogo ne da ƙuli. Baba Hamisu ya matso shi ma, aka sa hannu tare, suna ci suna jiran Huzaifa ya dawo ya kai su gida.